Yadda Ake Wanke Sensar Iska ta Mota Ba Tare da An Lalata Ta Ba

Mota ta fara shan mai fiye da yadda ta saba. In an tsaya a danja silo ya riƙa rawa, wani lokaci ma ta mutu sai an sake murɗa ki. A kan titi kuma ka taka totur za ka wuce tirela, sai ta yi jim kafin ta amsa. Wutar cek ta kama a dashbod, ko kuma ba ta kama ba tukuna. Mai mota yakan fara da canza fulogi, daga nan a wanke nozul, daga nan a ce famfon mai ne ya gaji, kuɗi na ta fita matsala tana nan daram. Sau da yawa abin da ya jawo wannan duka wata 'yar na'ura ce da ba ta cika tafin hannu ba, tana maƙale a hanyar da iska ke bi zuwa cikin injin. Ita ce sensar iska, wadda kanikawa ke kira iyafulo, sikana kuma, wato na'urar da ke karanta matsalar mota daga kwamfutarta, ke rubuta ta da haruffa uku, MAF.

Wanke ta aiki ne da mai mota zai iya yi da kansa a ƙofar gida, feshin ma ba ya cin minti biyu. Sai dai babu wani abu a jikin injin da ya fi ta saurin mutuwa a hannun mai gaggawa, ga shi sabuwa ta asali ba ta da arha. Garin neman gira ake rasa ido a wannan aiki, shi ya sa kusan rabin bayanin nan a kan abin da ba a yi mata ne.

Aikin da take yi

Injin fetur yana son iska da mai a kan ma'auni, kusan giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur. Kwamfutar mota ba ta ganin iskar da ke shiga, sensar ce ke gaya mata. A cikin sensar akwai siririyar waya, galibi ta ƙarfen filatinam, wadda lantarki ke ɗumamawa har ta fi iskar da ke wucewa zafi. Iska na wucewa tana huce ta, kamar yadda ake hura koko mai zafi a cokali, ita kuma na'urar tana ƙara wuta domin zafin ya tsaya inda aka tsara masa. Yawan wutar da aka ƙara shi ne ma'aunin iskar. A tsofaffin samfurorin Bosch kaurin wannan waya milimita 0.07 ne kacal. Sababbi da yawa sun bar waya sun koma wani ɗan faifai mai siririyar shimfiɗar ƙarfe a kansa, amma dabarar ɗaya ce.

Idan ƙura da tururin baƙin mai suka lulluɓe wayar, iska ba ta samun taɓa ta kai tsaye, ba ta hucewa yadda ya kamata. Sai sensar ta kai rahoton iska ƙasa da wadda ta shiga, musamman lokacin da aka taka mota. Kwamfuta ta gaskata rahoton ta rage mai, injin ya rasa ƙarfi. Sensar oksijin da ke jikin salansa ta lura mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta shiga ƙarawa tana cike giɓi, har ta kai iyakar da aka yi mata ta kunna wutar cek. A mota mai giyar otomatik abin yakan shafi canjin giya ma, domin da lissafin iskar ne kwamfuta ke sanin nauyin da injin ke ɗauke da shi.

Mu kuma ƙura ba baƙuwarmu ba ce. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, musamman ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a Maiduguri da Kano da Damagaram da Sakkwato. Ga titunan unguwanni da na ƙauyuka marasa kwalta. Motar da ta yi shekaru goma a Jamus sensarta ba ta ga datti ba, in ta shigo ta Kwatano hunturu biyu sun isa su canza mata hali.

Kafin ka ɗauki sukudireba

Fara da tabbatar da cewa motarka tana da ita. Buɗe bonet ka nemo akwatin iyakilina, inda filtar iska take. Bi babban tiyon baƙar roba da ya fito daga akwatin ya nufi bakin injin. A bakin akwatin ko a farkon tiyon za ka ga ɗan abu baƙi mai soket, wayoyi huɗu ko biyar ko shida na shiga cikinsa. In ka bi tiyon daga farko har ƙarshe ba ka ga irinsa ba, wataƙila motarka da matsin iska take lissafi, wato da sensar MAP da ke jikin injin. Honda Civic ta 2001 zuwa 2005 haka take, haka ma Peugeot 406 mai fetur irin wadda aka harhaɗa a Kaduna. Masu waɗannan motoci su nemi matsalarsu a wani wurin.

Akwai kuma iri biyu da ba a yi wa feshi ko kaɗan. Na farko shi ne mai ƙyaure, babban akwatin alminiyom mai ɗan murfi a ciki da iska ke turawa, irin na tsofaffin Toyota da BMW na shekarun 1980. Na biyu shi ne nau'in Karman, wanda ke cikin Mitsubishi da yawa na shekarun 1990 da Lexus LS400 ta 1990 zuwa 1994. A na Lexus ɗin akwai ɗan madubi siriri a ciki, ruwan feshi na taɓa shi an gama da shi. Haka nan wasu sababbin motoci kamfaninsu ba ya ba da shawarar wankewa, canzawa yake cewa a yi. In littafin motar yana hannu, a duba.

Sai tambaya ta biyu: ita ce mai laifin? A nan sikana ke da amfani, kuma ba sai babbar ta gareji ba. Ƙaramar nan ta ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth ta isa, tare da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Ana soka ta a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Lambobin da suka shafi sensar iska kai tsaye su ne P0100, P0101, P0102 da P0103. P0171 da P0174 kuma na nufin mai ya yi wa iska kaɗan, kuma su ne sensa mai datti ta fi haifarwa.

Lamba ita kaɗai ba hujja ba ce, sai an duba abin da sensar ke faɗa. Bari injin ya yi zafi, kashe esi da fitilu, mota tana silo, ka karanta MAF a ma'aunin giram a sakan. Ƙiyasin da kanikawa ke amfani da shi shi ne adadin ya yi kusa da girman injin a lita: injin lita 1.8 wajen giram 2, na lita 2.4 tsakanin 2 da rabi zuwa 3, V6 mai lita 3.5 wajen 4. Ƙiyasi ne, ba doka ba. Daga nan duba layuka biyu da ake rubutawa STFT da LTFT, su ne ke nuna kashi nawa cikin ɗari kwamfuta ke ƙara mai ko ragewa. In jimillarsu ta haura 10 akwai magana. Abin lura shi ne lokacin da take haurawa. In a silo take sama, da ka ɗaga injin zuwa juyi 2,500 a minti sai ta sauko, to iska ce ke satar hanya ta wani tsagaggen tiyo, wanke sensa ba zai yi komai ba. In kuwa a silo tana daidai amma tana hawa idan an taka mota, sensa mai datti ce ta farko a jerin waɗanda ake zargi, famfon mai da ya gaji na biye da ita. Rubuta waɗannan lambobi a takarda, za ka neme su bayan an gama.

Wanda ba shi da sikana yana da wani gwaji na gargajiya: a kashe mota, a zare soket ɗin sensar, a tayar. Kwamfuta za ta koma lissafin ko-ta-kwana da aka ajiye mata. In mota ta fi natsuwa a haka fiye da lokacin da soket ke jone, alama ce sensar ƙarya take faɗa. Wutar cek za ta kama, wasu motocin ma ba sa tashi a haka, kuma ba a yawo da mota soket a zare.

Kayan aiki

Babban abu shi ne gwangwanin feshin da aka yi musamman don wannan sensa, a jikinsa za ka ga an rubuta MAF ko hoton sensar. CRC da Liqui Moly duk suna yin sa, ana samu a manyan shagunan kayan mota, a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko a yi oda ta intanet. Abin da ya bambanta shi shi ne yana bushewa tas ba ya barin komai, kuma ba ya cin roba.

Mai shago zai iya miƙo maka feshin wanke kafireta ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na kafireta da na birki an yi su ne don narkar da dattin da ya kafe a jikin ƙarfe, suna iya cinye robar sensar da gam ɗin da ya rufe kayan lantarkinta. WD-40 mai yake bari a baya, man kuma shi ne ainihin abin da ƙura ke mannewa a kai. Fetur, kalanzir, tina, ruwa da sabulu, duk a ajiye su gefe. Sifirit ɗin kemis yana da ruwa a ciki, wani ma da kala. In feshin na musamman ya gagara samuwa, abin da ya fi kusa da shi shi ne alkohol na isofurofil mai kashi 99, a zuba a sabuwar kwalbar feshi da ba a taɓa sa komai a ciki ba. In shi ma babu, a haƙura har a samu. Mota mai sensa mai datti tana tafiya, mai matacciyar sensa kuwa wani lokaci ko ƙofar gida ba ta bari.

Sauran kaya: sukudireba mai baki gicciye ga yawancin Toyota da Nissan, ko Torx mai tsini shida, galibi T20 mai rami a tsakiya, ga Volkswagen da Ford da makamantansu. Sai tocila, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, farar takarda, da tabarau don kare ido. In da hali a sayi sabuwar filtar iska tun yanzu.

Aikin kansa

Zan bi Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE a matsayin misali, domin ta cika titunanmu kuma sensar Denso da ke cikinta irinta ce a Camry da sauran Toyota da yawa na wancan zamani.

Mataki na 1. Zaɓi wuri da lokaci. Da safe ya fi, kafin a tayar da mota, injin a sanyaye. Wurin ya zama inuwa mai iska amma ba inda guguwa ke tada ƙasa ba. Ruwan feshin yana kama wuta nan take, don haka a yi nesa da janareto mai aiki, da murhun mai shayi, da mai walda, da mai sigari. Kashe mota, zare ki ka sa a aljihu. In motar mai maɓalli ce, a ajiye rimot ɗin nesa. Wasu tsofaffin sensoci suna ƙona dattin jikinsu da kansu bayan an kashe injin, wayar takan kai wajen digiri 1,000 na ɗan sakan guda, shi ya sa ba a kashe mota a hau kwancewa nan take.

Cire kan batir ba dole ba ne in dai ki na waje. Wanda ya fi samun kwanciyar hankali da cirewa ya kwance na nagetif da sifana mai lamba 10, amma ya sani agogo da tashoshin rediyo za su goge, wata rediyon za ta nemi lambar sirri, kuma kwamfuta za ta manta silon da ta koya.

Mataki na 2. Ɗauki hoton wurin da wayarka kafin ka taɓa komai. Ka lura da inda soket ya fuskanta, da kibiyar da ke jikin wasu sensocin mai nuna inda iska ta nufa.

Mataki na 3. Zare soket. Akwai ɗan harshen roba da ake dannawa. Zafin injin da na ƙasarmu sun busar da wannan roba, tana karyewa da wuri. In ya ƙi fita, fara tura soket ɗin ciki kaɗan, sannan ka danna harshen ka ja. Jikin soket ake riƙewa, ba wayoyin ba.

Mataki na 4. Kwance sukurori biyun da suka riƙe ta. Danna sukudireba sosai kafin ka murɗa, domin kansu yana saurin cinyewa, kuma ka tare da ɗaya hannun kada ɗaya ya faɗa cikin injin. Jawo sensar a miƙe, kana ɗan girgiza ta kaɗan saboda zoben roba da ya matse ta. Kada ka sa sukudireba ka banƙare. Tana fita ka rufe ramin da tsumma mai tsabta, ka bar jelarsa a waje yadda ba za ka manta da shi ba.

A motocin da sensar ke cikin wani guntun bututu kuma an ɗaure ta da sukurori masu wuyar kai, ba sai ka yi faɗa da su ba. Sassauta maɗauran tiyo na gefe biyu ka ciro bututun gaba ɗaya. Ragar da ke bakinsa ita ke daidaita iska kafin ta isa wayar, ba a cire ta, ba a huda ta, ko da wani ya ce maka cire ta na ƙara wa mota gudu.

Mataki na 5. Haska tocila ka san abin da za ka wanke. A nan ne mutane da yawa ke yin aikin banza. A sensar Denso abin da ido ke fara gani shi ne ɗan ƙwallo mai launin zuma a kan wayoyi biyu, a waje, a gefen jikinta. Wannan na auna zafin iska ne. Shi ne ya fi nuna datti, ɓangarensa da ke fuskantar filta yakan yi baƙi ƙirin, sai mutum ya fesa masa ya ga ya yi ƙyalli ya ce an gama. Ainihin wayoyin auna yawan iska suna can cikin ramin bututun roba, sai ka juya sensar ka leƙa ta ƙasa da tocila za ka hango su, 'yan guntaye biyu sirara. Masu tsabta suna da hasken azurfa, masu datti kuma sukan yi furfura ko baƙi, wani lokaci da ɗan gashi-gashi a jiki.

Mataki na 6. Feshi. Sa tabarau. Girgiza gwangwani, soka siririn tsinkensa a baki ka tabbatar ya zauna daram, sannan ka fara fesawa gefe sau ɗaya. Dalilin gwajin shi ne tsinken da bai zauna ba yakan fice da ƙarfi, in ya faɗa cikin ramin ya tsinke waya. Riƙe sensar yadda ruwan zai gangara ƙasa ya zube a kan takarda, soket da akwatin lantarkinta suna sama. Bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin bakin tsinke da wayoyin. Fesa gajeru-gajeru, sau 10 zuwa 15, kana ɗan juya ta don ruwan ya sami kowane gefe. Ka ba ƙwallon zafin nan nasa rabon, da bangon ramin, da ragar in akwai.

Tsinken ba ya shiga cikin ramin. Yatsa ba ya shiga. Audugar goge kunne, burushi, tsinken sakace, gefen tsumma, babu wanda ke shiga. Za ka ga wani ɗan datti ya maƙale ya ƙi fita, hannunka ya riƙa ƙaiƙayi. Jira minti biyu ruwan ya jiƙa shi, ka sake fesawa. In zagaye biyu ko uku ba su fitar da shi ba, bar shi. Wayar da aka ɗan lanƙwasa ba ta nuna alama a ido, amma lissafinta ya canza ke nan har abada.

Mataki na 7. Shanya. Ajiye ta a kan takarda mai tsabta a inuwa, inda ƙura ba ta kaiwa, cikin ɗaki ya fi. Ruwan yana tashi cikin 'yan mintuna, amma ba shi minti 20 zuwa 30, musamman da damina, domin feshin yana sanyaya robar har raɓa ta taru a lungunan ciki. Ba a hura mata iska da baki, ba a kai ta wurin mai faci ya busa mata kwamfiresa, ba a sa mata na'urar busar da gashi. Jona sensa tana jiƙe yana iya ƙona ta.

Gwangwanin kuma kada a jefa shi a but ɗin mota a manta. A jikinsa an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50, motar da aka rufe a rana a watan Afrilu kuwa cikinta na wuce haka.

Mataki na 8. Kafin ta bushe, nemo ta inda dattin ya shigo. Wannan mataki ya fi feshin muhimmanci, domin sensar tana bayan filta ne, bai kamata ƙura ta iso ta da yawa ba. In ta iso, akwai ƙofar da aka bar mata.

Buɗe akwatin iyakilina ka ciro filtar. Ɗaga ta ka duba ta a hasken rana: huji, yagewa, ko gefen robarta da ya motse, kowanne ya isa a jefar da ita. Shafa yatsa a cikin murfin akwatin, ɓangaren da iska mai tsabta ke bi. In yatsan ya fito da ƙura, filtar ba ta tare komai. Al'adar nan ta miƙa wa yaron gareji filta ya busa mata kwamfiresa duk lokacin juyen baƙin mai tana cikin manyan masu kashe sensa. Filtar takan fito fes a ido, amma ƙarfin iskar ya buɗe ƙofofin takardar, ƙura mai laushi irin ta hunturu sai ta wuce salin-alin. In dole ne a tsawaita ranta, a ɗan bubbuga ta a hankali ƙurar ta zube. Filtar arha wadda ba ta cika akwatin ba ita ma haka, ƙura ta gefe take bi. Masu sa filtar wanki irin ta kamfanin K&N kuma su kula da man da ake shafa mata, in ya yi yawa iska na kwasarsa ta kai kan wayar.

Duba ƙugiyoyin murfin. Motoci da yawa ɗaya ta karye an ɗaure da waya ko robar tayar keke, murfin bai zauna ba. Goge cikin akwatin da tsumma mai ɗan danshi, ka kwashe yashi da ganye da ke ƙasansa. Sannan ka kama babban tiyon ka lanƙwasa shi kana duba tsakanin ƙugunsa da tocila, ta ƙasa musamman. Tsaga a wannan tiyo tana shigar da iskar da sensa ba ta ƙirga ba, kuma alamominta kusan ɗaya ne da na sensa mai datti. In ka ga baƙin mai kwance a cikin tiyon, a duba bawul ɗin PCV, wanda ke fitar da tururin da ke taruwa a cikin injin, da ƙaramin tiyon numfashin injin.

Mataki na 9. Mayarwa. Cire tsumman da ka toshe ramin da shi. Duba zoben roba yana wurinsa bai tsinke ba. Zura sensar a miƙe yadda hoton ya nuna, kibiya tana kallon injin. Fara ɗaura sukurori da hannu, sannan ka ƙarasa da sukudireba daidai yadda suka kama, domin a cikin roba suke shiga, in ka matsa da yawa ramin ya lalace. Tura soket har ka ji ƙas. Rufe akwatin filta, matse maɗauran tiyo.

Mataki na 10. Gwaji. Murɗa ki zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da ka tayar ba, sikana ta nuna MAF kusa da sifili. Goge tsofaffin lambobin matsala, ka tayar. In silo ya ɗan yi sama da ƙasa a mintunan farko kada ka firgita, kwamfuta ta daɗe tana gyara lissafin ƙarya, yanzu tana sake koyo. Bar ta ta yi zafi, ka fita da ita tafiyar minti 15 zuwa 20 da ta haɗa cikin gari da buɗaɗɗen titi. Dawo ka gwada sababbin lambobi da waɗanda ka rubuta. In LTFT ya sauko ya nufi sifili kuma jinkirin totur ya tafi, aiki ya yi. Wanda ba shi da sikana ya ba wutar cek lokaci, takan mutu da kanta bayan tafiya uku a jere ba tare da matsalar ta dawo ba.

In mota ta ƙi tashi ko ta tashi ta mutu, kafin ka zargi sensar duba abubuwa uku: soket bai shiga sosai ba, tiyo bai zauna ba, ko an juya sensar baya. In P0102 da P0113 (lambar sensar zafin iska) suka fito tare, galibi soket ne.

Sau nawa, kuma yaushe ake haƙura da ita

Ba abin yi kowane wata ba ne, kowace kwancewa dama ce ta karya wani abu. A ganina sau ɗaya a shekara ya wadatar ga motar gida, a ƙarshen hunturu, tare da sabuwar filta. Motar haya da ke bin hanyoyin kasuwannin ƙauye tana iya neman sau biyu. Masu dizal irin Hilux su ma sensar tasu na yin datti, alamarta rashin ƙarfi da baƙin hayaƙi, kuma hanyar wankin ɗaya ce.

Wanki yana cire datti ne kawai, ba ya tayar da sensar da kayan lantarkinta suka tsufa. In an wanke, an toshe duk wata kafar iska, wayoyin soket lafiya, amma P0101 ko P0102 na dawowa kuma adadin giram bai motsa yadda ya kamata in an taka totur, lokacin canji ya yi. Kwafi lambar da ke rubuce a jikin tsohuwar ka tafi da ita kasuwa, domin sensoci biyu na iya zama kama ɗaya, su shiga rami ɗaya, amma lissafinsu daban. Toyota Denso take so, Nissan galibi Hitachi, motocin Jamus galibi Bosch. Sabuwa marar suna mai arhar banza takan zo da nata kuskuren tun daga kwali, shi ya sa kanikawa da yawa suka fi yarda da ta beljiyom ta asali. In ita za ka saya, yi sharaɗi da mai shago cewa za a ɗaura a gwada, ka je da motar da sikanarka, ka karanta giram ɗin silo da LTFT a gabansa kafin ka biya.